Abin da Jiddo Ya Faɗa wa Mai Kaki

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Haruna, wanda mu jikokinsa muke kira Jiddo. Ranar Juma'ar da ta wuce na roƙi ƙanin mahaifiyata, Khalu Usman, ya kai ni bakin tekun da ke kudu da Jidda, can bayan gine-gine sun ƙare, inda Jiddo yake zuwa kallon tsuntsaye. Abin da na fara gani da na sauka daga mota shi ne sawun taya. Sabon sawu ne, ya ratsa ta tsakiyar wani farin tudun yashi mai gauraye da farfasassun ɓawon katantanwa, ya yi kwana ya dawo. A zamanin Jiddo ko ƙafa bai yarda a sa a tudun nan ba. Na daɗe a tsaye ina kallon sawun, kuma kafin in tuna da tsuntsayen da na zo gani, sai da na tuna da maganar da ta bi kakana har kabari.

Shekarata goma sha shida, ina makarantar sanawiyya, wato sakandare, kuma ba ni da yawan magana. Hausar da nake rubutu da ita ma tasa ce, don tun ina ƙarama in na yi masa Larabci sai ya kama kunnensa ya ce ruwan teku ya toshe shi, sai na maimaita da Hausa kunnen yake buɗewa. Da ya kamata waiwayen da zan yi masa ya zama yabo da addu'a kawai, kamar yadda ake yi wa mamaci. Amma a unguwarmu ta Sa'alaba har yau akwai gidajen da in an ambaci sunansa sai hira ta tsaya. Ana cewa shi ya kai ƙarar maƙwabcinmu Amm Sale, aka kama shi da matacciyar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, aka mayar da shi Sudan, ya bar mata da 'ya'ya a nan. Ina wurin ranar da abin ya faru, shekara guda kafin Jiddo ya rasu. Tun daga lokacin nake juya shi a raina, kuma har yau ban san ko kakana ya aikata ba.

A Bor Sudan aka haife shi, a unguwar Hausawa. Ya yi ƙuruciyarsa a kwale-kwalen masunta, a can kuma ya koyi kallon tsuntsu, don masuntan wancan lokacin tsuntsu suke bi su gane inda kifi ya taru. Da ya zo Jidda ya yi aikin gyaran kifi a kasuwa har hannuwansa suka daina riƙe wuƙa da kyau. Ya sayi wani tsohon darbil, wato madubin hangen nesa, a kasuwar gwanjo. Idon hagu na darbil ɗin yana da tsaga, an naɗe jikinsa da baƙar roba. In sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, lokacin da ake kira rabi'i, Jiddo ba ya wuni a gida ranar Juma'a. Da an sauko daga masallaci zai rataya darbil ya leƙo ɗakin mahaifiyata ya ce, "Ina amaryata? Yalla, baƙi sun iso, kada su tafi ba mu gaisa ba."

Na daɗe ina zaton don ya fi so na yake ɗaukata. Sai daga baya na lura cewa namiji shi kaɗai da darbil a bakin teku ana kallonsa da wani irin ido, amma tsoho da jikarsa iyali ne. Wataƙila duka biyun gaskiya ne. Ban taɓa tambayarsa ba.

Yawancin tsuntsayen shi ya raɗa musu suna, don ya ce Hausa ba ta tashi a bakin teku ba, sai an yi mata aro ko a yi mata ɗinki. Dogayen nan masu ruwan hoda da ke tsayawa a ruwa mara zurfi, waɗanda Larabawa ke kira nuham, shi 'yan biki yake ce musu. Akwai nawras mai farin kwalli a ido, wanda ba ya barin tekunmu rani da damina, da wani nawras ɗin baƙo, wanda kansa ke yin baƙi in ya kusa komawa arewa, kamar ya sa hular tafiya. Akwai tsattsewar teku, wadda take tsayawa cak a iska sannan ta faɗo ruwa kamar an jefo allura. Akwai kwasakwasa, da zalɓe baƙi da fari, da shahon kifi da ke zama a kan turken ƙarfe yana yagar abincinsa ba ya kallon kowa. Amma wadda ta fi shiga ransa wata 'yar mitsitsiya ce mai launin yashi, wadda ba ta yin sheƙa. Ɗan rami take yi a ƙasa ta zuba ƙwai a fili, ƙwan kuma launinsa da na tsakuwa ɗaya. In ka matso sai ta fito gabanka tana jan fiffike kamar ya karye, ka bi ta, ta yi nisa da kai, sannan ta tashi lafiyarta lau. Mayaudariya yake kiranta, cikin so. A kan farin tudun nan take zuba ƙwanta.

Jiddo yana da hanyarsa ta kallo wadda ban ga wani yana yi ba. Ba ya nuna tsuntsu da yatsa, kuma in na nuna sai ya danne mini hannu. Ya ce hankakan Jidda, mai toka-tokan wuya, ba ƙasa yake kallo ba, mutum yake kallo. Inda duk ka zuba wa ido ya riƙe wurin, da ka tashi zai sauka ya sha ƙwan. Saboda haka Jiddo ba ya ɗora darbil a kan tudun sai na ɗan ƙiftawa, sannan ya juya shi wani gefe ya riƙe shi can ya daɗe, yana satar kallon tudun da wutsiyar ido. Yamma rana ce a kan ruwa, tana kashe ido. Kudu tudun ne. Sai ya riƙa juya darbil ɗin arewa, inda iyalan Sa'alaba da na Mahjar ke shimfiɗa tabarmi su sha shayi, mata su kwance takalmi, yara su yi ta gudu.

Ko a lokacin na ga yadda mata ke gyara mayafi in gilashin ya juyo wajensu. Na ga wani mutum yana juya kujerarsa ya ba mu baya. Yanzu da na girma ina tambayar kaina: gabas fa? Babu komai a gabas sai hanya da turakun wuta, kuma babu wanda zai zargi mai kallon turke. Me ya sa bai zaɓi can ba? Amsar da nake ba kaina ita ce yana lura ne da yara da motoci, kada su nufo tudun. Amsa ce mai kyau. Amma ni na ba kaina ita, ba shi ba.

Wanda bai zauna a irin unguwarmu ba sai na yi masa bayanin abu biyu. Na farko, ba a tambayar mutum iƙamarsa. Kana iya cin abinci da maƙwabci shekara da shekaru ba ka san ko takardarsa na da rai ko ta mutu ba, kuma in ka gane sai ka yi kamar ba ka gane ba. Na biyu, duk abin da ya haɗa ka da ɗan unguwa, ba ka kiran mai kaki. A kai wa liman, a kai wa dattawa, ko a haƙura. Ba don ana ƙin doka ba ne. Don ba ka san wane gida kalmarka za ta rushe ba ne. Yaro yana tasowa da sanin wannan kamar yadda yake sanin ba a cin abinci da hagu. Shi ya sa ma mutanenmu suke wuce bakin tekun cikin gari mai fitilu da kujeru, su tafi can kudu inda babu mai yawan tambaya.

Amm Sale abokin Jiddo ne, duk da a shekaru Jiddo ya haife shi. Yana da farar motar ɗaukar kaya, wanet, da ita yake kwashe kujeru da katifu na masu tashi daga gida zuwa gida, kuma a bayanta muke tafiya bakin teku, ni da 'yarsa Nusaiba muna riƙe da juna in an shiga gargada. Bayan la'asar yakan zo ƙofar gidanmu su buga dumna, wato wasan domino, da Jiddo, suna magana ƙasa-ƙasa da Hausar Sudan wadda rabinta ba na ganewa. Mutum ne mai barkwanci. Ba ya wuce yaro bai ja masa kunne ba.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, Amm Sale ya kwashi yara a bayan wanet yana zagayawa da su a kan yashi, suna ihu. Zagayen farko ya bi gefen tudun. Jiddo ya tashi ya tare shi, ina biye.

"Sale, ka janye motar nan daga tudun can."

"Baba Haruna, an rubuta maka tudun ne, ko gado ka ci?"

"Akwai ƙwai a wurin."

"Ƙwai?" Amm Sale ya leƙo ta taga ya ɗaga murya wajen matarsa. "Maryam, ɗora kasko! Baba ya samo mana shakshuka!"

Kowa ya yi dariya, har ni na fara, sai na ga kunnen Jiddo ya motsa yadda yake yi in ransa ya ɓaci, na haɗiye tawa. Amm Sale ya ce halas, zagaye ɗaya ya rage, yara sun riga sun hau. Ban yi zaton mugunta ya nufa ba. Ya yi zagayen, kuma wannan karon ta kan tudun ya bi. Da ƙurar ta kwanta muka je. Gwaiduwa ce a cikin sawun taya, tsuntsuwar tana gefe tana ta jan fiffike a gabanmu, alhali babu sauran abin da za ta ɓoye. Jiddo ya tura yashi da ƙafa ya rufe wurin.

Kafin magariba motar sintiri ta biyo bakin ruwa kamar yadda ta saba. Jiddo ya cire darbil daga wuyansa ya rataya mini, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Amarya, riƙe mini. Kada ki taso." Ya tafi wajen motar. Na ɗaga darbil ɗin na kalle su. Na ga bakin Jiddo yana motsi, ban ji komai ba sai iska. Bai nuna da hannu ba, dama ba ya nuni, amma haɓarsa ta ɗan karkata wajen tabarmi. Mai kakin, wanda ke da farin tabo a girarsa ta dama, ya juya ya kalli can. Sannan ya sauka ya taka zuwa wajen farar motar.

Sauran kowa ya gani. An tambayi Amm Sale takardu, ya shafa aljihun gaba, ya shafa na gefe, ya yi murmushi. Aka yi waya. Wata mota ta zo. Kafin ta iso rabin tabarmin sun naɗe, shayi yana zuba a yashi. Khala Maryam ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya da kasko a hannu tana kallon Jiddo. Mu da muka zo a motar Amm Sale, duk motar da ta wuce mu sai a ce a cike take, ko da na hangi kujera babu kowa. Sai da Khalu Usman ya zo daga gari ya ɗauke mu.

Washegari labarin ya riga mu zuwa kanti. Ana cewa dama shi ya sa yake yawo da darbil. Ba tsuntsu yake ƙirgawa ba, mutane yake ƙirgawa. Wata mata ta tuna cewa a bara ma an kama ɗan ƙanwarta kwana kaɗan bayan Jiddo ya gaishe shi. Wani ya ce ta yaya mai gyaran kifi iƙamarsa ba ta taɓa mutuwa ba? Malamai suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma mutanen da suka kwana da tsoro ba su da wani makami sai zato, kuma ban iya ganin laifinsu gaba ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Sun ga haɓar da na gani.

Sau ɗaya na ji Jiddo ya yi magana a kai. Mahaifiyata ce ta tsare shi a tsakar gida tana kuka, ta ce, "Baba, ka fita ka faɗa musu mana." Ya ce, "Cewa na yi a hana mota hawa tudun. Ban ambaci takardar kowa ba. Wanda ya yarda ya yarda." Daga nan bai ƙara ba. Ya bi sawun kafilin Amm Sale, wato ubangidan da takardarsa ke ƙarƙashin sunansa, har unguwar Ammariyya, aka ce masa mutumin ya rasu tun tuni, magada kuma ba su san da wani direba ba. Ya kai wa Khala Maryam kifi, ta aiko ƙaramin ɗanta ya dawo da shi a ledarsa ba a kwance ba. Ya daina fitar da teburin dumna. Na lura ya koma yin sallah a sahun baya, kusa da takalma, in ji ƙanena, don kada wani ya matsa daga gefensa a gaban jama'a.

Duk wannan na gani, amma bai warware mini komai ba. Wanda ya yi kuskure yana nadama, wanda ya yi da gangan cikin fushi shi ma yana nadama, kuma daga waje kamarsu ɗaya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na kalli fuskar Jiddo shekara guda, ba ta ba ni labarin ba.

Da ya rasu an yi masa sallah, don ba a ƙin sallar mamaci. Amma kwana ukun zaman ta'aziyya ni nake wanke kofunan gahawa, kuma na san nawa ne suka dawo ba a taɓa su ba. Nusaiba ta zo da mahaifiyarta, suka yi addu'a a tsaye daga bakin ƙofa suka juya. Har yau ajinmu ɗaya da ita. Ba ta taɓa zagina ba. In malama ta ba ta takardu ta raba, takan ajiye tawa a gefen tebur ta wuce, idonta yana kan bango.

Da Jiddo zai dawo wannan rabi'in, ban san me zai ce ba. 'Yan biki suna nan, sun ma fi da yawa a idona. Nawras baƙo ya sa hularsa. Na ga tsattsewar teku namiji yana kai wa mace ɗan kifi a baki, tana juya masa kai, abin da kullum yake sa Jiddo ya ce ko a tsuntsaye sai an sha wahalar lefe. Amma an kewaye wani babban yanki da kwano ana gini, mutanenmu kuma sun daina zuwa da tabarmi. Waɗanda ke zuwa yanzu masu manyan kyamarori ne, dogon bakinsu kamar taɓarya. Mutanen kirki ne, suna tafiya a hankali, wata mata a cikinsu har ta bar ni na leƙa tata. Sai dai da sun ga sheƙa suke sa hoton a waya tare da alamar wurin, kowa ya gani. Ina jin Jiddo zai girgiza kai ya ce hankaka ya samu waya. An kuma kafa allo a bakin hanya mai hana mota hawa yashi. Da allon nan yana nan a wancan lokacin, da wataƙila Jiddo ya nuna wa Amm Sale shi kawai, bai je wajen kowa ba. Ko da yake sabon sawun tayar da na gani ta gindin allon ya wuce.

Ina zaune ina yin yadda ya koya mini, ɗan ƙiftawa a tudun sannan in juya gabas wajen turaku, sai wani dattijo da ke kamun kifi da fatsa a kan duwatsu ya yi mana sallama. Farin gemu ne da shi da farar riga. Da Larabci ya ce wa Khalu Usman, "Darbil ɗin nan na san shi. Na tsohon nan ne mai tsuntsaye." Na ɗago na ga farin tabo a girarsa ta dama. Fuskar da ka taɓa jawowa kusa da darbil ba ta ɓace maka.

Khalu ya gane shi bayan ni. Nan take ya fara shafa aljihunsa, shi da takardarsa ke da rai, ya ce mini ƙasa-ƙasa da Hausa, "Ke, tashi mu tafi, ni ban karya da wannan ba." Dattijon ya ce ya bar aiki tuni, ya tambayi Jiddo, muka ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Ban san inda na samo muryar ba. Na ce, "Ya Ammi, ranar da aka kama mai farar wanet, me kakana ya faɗa maka?"

Ya shiga naɗe igiyar fatsarsa. "Cewa ya yi farar motar can tana taka ƙwan tsuntsu, in yi wa direban magana. Na yi dariya ma. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba."

"Bai ce komai a kan iƙama ba?"

"Wallahi bai ce ba, ya binti." Sai ya ƙara, idonsa a kan ruwa, "Amma wanda ya tsufa a ƙasar nan ya san abin da zan fara tambaya in na tsayar da mota."

Khalu ya ja hannuna. A hanya yana ta murna, yana cewa ga shi an wanke Baba, bari ya faɗa wa Yaya, wato mahaifiyata. Ni kuwa ina ta tunanin me ya sa dattijon ya tuna maganar daki-daki bayan shekara shida, da kuma ko ya faɗi abin da ya ga yarinya tana son ji ne. Ko na yarda da shi, abin da ya ba ni rabi ne. Jiddo bai yi ƙarya ba, bai ambaci takarda ba. Amma tambayar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. In Jiddo bai san iƙamar Amm Sale ta mutu ba, to tsoho ne da fushi ya ɗebe shi ya karya al'adar unguwa saboda ƙwan tsuntsu, kuma ya biya fiye da abin da ya ci. In kuwa ya sani, to ba ya bukatar ya ambaci komai. Haɓa ta isa.

Na bi abin da na tuna ɗaya bayan ɗaya. A shekarar nan Amm Sale ya daina karɓar aikin arewacin gari. Ya daina bin babbar hanya in za mu teku, sai ya bi ta bayan rumbunan ajiya yana cewa ya fi son iskar can. An shirya umara a unguwa ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni da nake 'yar shekara goma na lura da wannan. Mutumin da ke gane tsuntsu mai ɗingishi tun daga nesa, a ce bai lura ba? Amma kuma na san Jiddo. Yana iya wuni da kai bai ga ka yi aski ba. Idonsa na tsuntsaye ne, kuma mutanen unguwarmu sun ƙware wajen rashin ganin abin da ba a nuna musu ba. Sai dai in a bakin teburin dumna, cikin maganar nan ta ƙasa-ƙasa, Amm Sale ya faɗa masa da bakinsa.

Me ya rage na Jiddo bayan shekara biyar? Sunayen da ya raɗa suna bakina, kuma na ji ƙanena yana koya wa abokansa 'yan biki kamar dama can haka sunan yake. Hausata tasa ce. Haƙurin zama wuri ɗaya har abin da ke ɓoye ya gaji ya fito, shi ma nasa ne. Mayaudariya ta dawo tudun, na ga ƙwanta a ɗan nesa da sawun tayar, kuma ba zan faɗi ta wane gefe ba. Ina yi masa addu'a kullum, Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa abin da na sani da wanda ban sani ba. Amma ba na so in riƙa son kakana da ido ɗaya a rufe. Shi ya koya mini kada in bi abin da ke jan fiffike a gabana, ko da ya ba ni tausayi.

A daren Asabar mahaifiyata ta ce in bar maganar, mamaci ya riga ya isa inda za a yi masa hisabi na gaskiya. Na ce to. Amma akwai abin da na gane wanda ya hana ni bari. Shekara shida kowa a Sa'alaba yana magana a madadin Amm Sale, masu zargi da masu karewa, babu wanda ya tambaye shi. Yana raye. Yana kiran iyalinsa in waya ta samu shiga. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan ba lallai ta yi daɗi ba, amma shi kaɗai ya rage a duniya da ya san abin da aka faɗa a bakin teburin nan.

Ranar Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a nan, lokacin hutun karin kumallo, na sami Nusaiba ita kaɗai a gindin matattakala tana ɓare biredinta. Na tsaya har sai da ta ɗago.

"Na ga mai kakin nan a teku," na ce. "Ya ce Jiddo bai ambaci iƙama ba."

"To sai me?" ta ce. "Abbana ya dawo?"

"A'a."

"To me kike so in yi miki, ya Hanan? In yi guɗa?"

Rabon da ta kira sunana tun muna firamare. Na riƙe ƙarfen matattakalar na ce, "Ba na so ki yafe wa kowa. In Abbanki ya kira, ki ba ni wayar. Zan tambaye shi ko ya taɓa faɗa wa Jiddo cewa takardarsa ta mutu. Ki tsaya a wurin ki ji da kunnenki, kuma duk abin da ya ce, shi zan ɗauka."